Na yi wa Baffa ta'aziyya ta vokal, ya maido min kuɗina

Sani_Duwala:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, abin ya kwana biyu yana cina a rai na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni ɗan Garwa ne amma shekara shida kenan ina Duwala, ina tsaron shagon kayan moto na wani patron a wajen New-Bell. Sati biyu da suka wuce Allah ya yi wa matar baffana rasuwa, ƙanin babanmu ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma gaskiya ba zan ɓoye ba a hannun matar nan na yi shekara huɗu lokacin ina lise, wato sakandare, ita ke ajiye min tuwo in na yi dare, ko ɗanta na cikinta bata fifita a kaina ba. Labarin a grup ɗin gida na WhatsApp na gan shi da asuba, kafin azahar har an kai ta, kaga ko jirgin sama na hau ba zan samu jana'iza ba. Na kira Baffa sau uku bai ɗauka ba, na san mutane ne suka yi masa yawa, sai na yi masa vokal, wato saƙon murya, na kusan minti huɗu, wlh har kuka na yi a ciki ban iya ƙarasa addu'ar ba, sannan na tura sefa dubu 25 ta waya nace a sa a hidimar baƙi.

Ya saurara, na ga alamar ta koma shuɗiya. Bai ce min uffan ba. Bayan kwana uku sai ga kuɗina sun dawo cif, har da na cirewa ya ɗora a kai. Na kira Mama na faɗa mata tace "Baffanka bai ce maka yunwa yake ji ba" ta kashe wayarta.

To jama'a wanda ya san hanyar nan ya sani, daga Duwala sai ka hau mota zuwa Yawunde, ka jira jirgin ƙasa na dare ka kwana a ciki zuwa Ngaundare, ka sake neman mota ka gangara falez, gangaren dutsen nan, zuwa Garwa, kwana biyu zuwa kwana biyu dawowa banda zaman can, kuma patron ba ya ba da konje, wato hutu, sai ya zaftare a albashi. Ni a lissafina kuɗin motar nan gara su ci shi a gidan. Muryata ya ji, kukana ya ji, to meye kuma ya rage wanda sai ƙafata ce zata kai shi? Ko dai tsofaffinmu ne basu yarda zamani ya canza ba?

Alhaji_Tongo:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙanta ya sa ta huta, ya ba ku haƙuri.

Ɗana, ni ban iya rubutun wayar nan ba, jikana ne nake faɗa yana rubutawa, kaga ni ma ina cin moriyarta ba gaba nake da ita ba. Amma ka yi kuskure kuma ba a inda kake zato ba. Kai kana ganin rigimar tsakanin waya da ƙafa ce. A'a. Kuskurenka shine ka ɗauki kanka mai yin ta'aziyya, alhali kai mai karɓa ne. Matar da ta riƙe ka shekara huɗu uwarka ce, ɗa kuma ba ya aiko wa ubansa da "ya haƙuri" kamar maƙwabci, zuwa yake ya zauna a gefen tabarma mutane su miƙa masa hannu shi ma. Da abokin kasuwancin baffanka ne ya yi vokal ɗin nan daga Duwala da ya ji daɗi har ya yi ta faɗa wa mutane. Da ya zo daga gare ka sai ya zama kamar ka fitar da kanka daga gidan, ka koma layin baƙi. Kuɗin da ya maido shima saƙo ne ya aiko maka, kuma ka lura har na cirewa ya biya don kar ka ce ya ci maka ko dala.

Ka taɓa lura me ake yi a zaman makoki kuwa? Magana kaɗan ce. A yi sallama a yi fatiha a shafa, ya haƙuri, haƙuri sai ma'aiki, shikenan sai shiru. Mutum zai zauna awa biyu bai ce komai ba ya tashi ya tafi kuma an san ya zo. Aikin a wannan shirun yake. Wani ya cika buta, wani ya shimfiɗa tabarma, wani ya tare baƙin da suka zo daga Gidar ko Pitowa ya nemo musu wurin kwana, in dare ya yi kowa ya watse wani ya rage da mai gidan kar ya shiga ɗaki shi kaɗai ya tarar da kayanta. To wanne daga ciki minti huɗunka zai yi?

Ina yaro lokacin da layin dogo ya iso nan Ngaundare a 1974, kafin nan sai a bayan babbar mota, kuma na ga mahaifina ya rufe rumfar goro ya tafi Yola gaisuwar mutuwa wadda labarinta ma sai bayan sati ya iso mu. Bai samu jana'iza ba bai samu uku ba bai samu bakwai ba, amma ya je. Zuwa da kai ya fi aike, ba mu muka fara faɗa ba. Kuma a cikin haƙƙoƙi shida na musulmi a kan ɗan uwansa da suka zo a hadisin Muslim akwai duba mara lafiya da raka gawa, ka duba ka gani duka biyun na tashi ne a taka. Ka je ko kwana ɗaya ne.

Abba237:

Ni dai gaskiya tsofaffi su riƙa sassautawa. Mutum yana neman na kansa a wata uwa duniya, aikin ma da ƙyar ake samu, in aka kore shi baffan ne zai ciyar da shi? Ya yi kuka ya tura kuɗi ai ya yi ƙoƙari. Wasu ma stika kawai suke turawa.

Hajja_Njamena:

Allah ya gafarta mata. Baba Alhaji ya faɗi gaskiya a kan maganar ɗan gida, ban da ta cewa a nan. Amma ina so in ɗan tare wa wayar nan faɗa don naga kullum in an tashi irin wannan hira sai a maida ita kamar ita ta kashe zumunci, wanda bai taɓa rasa ta ba ne yake faɗin haka.

Mu a nan Cadi mun ɗanɗana. Daga watan Maris na 2018 har zuwa Yuli 2019 aka toshe WhatsApp da Facebook da sauransu, wata goma sha shida, sai da marigayi Idriss Déby ya ba da umarni da bakinsa aka buɗe. Lokacin ƙanwata tana aure a Jidda tana da ciki na fari, mahaifiyarmu kuma bata karatun boko, duk rayuwarta da 'yarta a vokal take, ta danna ta yi magana ta saki. Ranar da abin ya tsaya tsohuwar nan sai ta zama kamar an yi mata sabon rabuwa. Yara suka koya mana VPN, manhajar zagaye toshewar, wanda yake cinye kredi kamar wuta a kara, wani lokaci sai dai in an tashi tsallaka gadar Ngeli zuwa Kuseri sayayya a tafi da wayarta a sa layin Kamaru a kwaso mata saƙonnin sati guda a dawo, ta zauna ta yi ta saurara tana amsawa ita kaɗai kamar yarinyar tana gabanta. Sannan korona ta zo a 2020 aka rufe iyaka, Kuseri ɗin da muke hango fitilunta da dare ta gagare mu, yayan mijina ya rasu a can kogi kawai ne tsakaninmu amma a waya muka yi gaisuwa. Wa zai ce mana ranar bamu yi zumunci ba?

Kuma wai da can da ake yabo, ni na tarar da shi. Wasiƙa sai ka nemo ɗan makaranta ya rubuta maka, asirinka duk a kunnensa, a ba direba ta yi wata a hanya ko ta ɓace. Masu hali su ɗauki murya a kaset a aika da alhazai. Rasuwa kuwa sau nawa mutane a sanarwar rediyo suke jin ta, wani ma sai ya zo gari da tsarabar mutum a hannu a ce masa ai wane ya kwana biyu a ƙasa. Ka ce wannan ya fi?

Inda zan kama ka ƙanena shine vokal ɗin kansa. Vokal fa ba hira bace, jawabi ne. Kai ka zaɓi lokacin da ka shirya, ka faɗi naka, ka yi kukanka, ka saki ka koma shago. Shi baka ba shi wurin da zai yi nasa kukan a kunnenka ba. Sau uku ka kira ranar rasuwa, ranar da ko ruwa mutum ba ya tunawa ya sha, to washegari fa? Jibi fa? Da ka dinga kira kullum bayan isha'i ko da minti biyu ne, ka sa a kai wa ƙannenka wayar ɗaya bayan ɗaya, ka ce Baffa ina nan tafe ƙarshen wata in Allah ya yarda, wlh ban jin kuɗin nan zasu dawo. Sati biyu ka yi shiru kana kallon alamar shuɗi kana jiran shi ya fara.

Bappa_Domayo:

Abba237 ya tuna min da stika lol. Grup ɗin zuri'armu mutum ɗari da wani abu ne, in aka sa rasuwa cikin minti goma zaka ga Innalillahi sun jeru kamar an buga a inji, duk kwafi ne, akwai wanda ya kwafo na wata rasuwar da "Allah ya jiƙanta" alhali namiji ne ya mutu, bai ma karanta ba. Ƙasa kaɗan wata ta sa tallan atamfa. Ranar sadakar uku mu goma sha ɗaya ne a ƙofar gidan na ƙirga da idona.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya tunda WhatsApp suka kawo abin nan na saurin murya a 2021 waye a cikinmu yake sauraron vokal ɗin minti huɗu yadda aka yi shi? A 2x muke sawa, goggonka tana maka nasiha muryarta ta koma ta ɗan tsako. A gaban mutum ka isa ka ce masa yi sauri? Ba ina cewa Baffanka ya yi haka ba Sani, ina nufin kowa ya san arhar abin shiyasa ba ya nauyi a zuciya ko da kai da gaske kake.

Ni a kasuwar shanu nake nan Marwa, waya ta sauƙaƙa mana sosai ba ƙarya, a turo maka bidiyon sa daga Bogo ka gani ka yi tayi kafin ka ƙona mai. Amma ban taɓa biyan kuɗin sa a kan bidiyo ba kuma ba zan fara ba, sai na zagaya shi na taɓa na ga tafiyarsa na kalli idon mai shi lokacin da yake rantsuwa. Bara aka sace WhatsApp ɗin wani aminina aka yi ta rubuto wa mutane a turo dubu 50 yana asibiti, hotonsa ne lambarsa ce har irin gaisuwarsa, mutum uku suka tura. Wanda ya tsira shine wanda ya hau moto ya je gidan ya tarar da shi yana shan shayi.

Malam_Kuseri:

Allah ya jiƙan Inna. Ni malamin makaranta ne, bari in ƙara wani abu ta ɓangaren harshe don yana damuna ba tun yau ba.

Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma rubutunmu na boko ba ya nuna ko ɗaya. In na rubuta maka "Sani ya zo" kai kaɗai zaka yanke ko labari nake ba ka cewa ya iso, ko umarni nake bayarwa a ce masa ya taho, a baki kuwa ko yaro ba zai ruɗe ba. Haka gari na zama da gari na tuwo. Balle "to". Akwai to na yarda, akwai to na gargaɗi, akwai to na "zaka gani", akwai to mai tsawo na tsohuwa da ta gaji da kai, a waya duk harafi biyu ne. Mu nan kuma mun ƙara wa kanmu wahala da rubutun faransanci, wani ya rubuta sannou wani sannu, wani ch wani sh, ƙ da ɗ da ɓ kuwa babu su a yawancin wayoyi sai ka sa da kanka. Na sasanta mata da miji a unguwarmu da rigimarsu ta faro daga "to" guda ɗaya da alamar shuɗin nan da aka kawo a 2014, wai ya karanta tun ƙarfe tara bai amsa ba sai sha ɗaya.

Vokal ya gyara rabin matsalar tunda murya tana ciki, shiyasa ya karɓu a wurinmu fiye da rubutu, ga kuma iyayenmu da basu yi boko ba kamar yadda Hajja ta faɗa. Amma masu nazarin hira sun auna a harsuna daban daban sun ga tazarar da ke tsakanin mutum ya rufe baki ɗayan ya karɓa yawanci bata wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba, wato tun kana magana nake shirya amsa, ina karanta fuskarka, kai ma kana karanta tawa kana gyara maganar tun bata fita ba. Ka fara faɗin abu ka ga idon mutum ya kawo ruwa sai ka sauya hanya. Labarin zuciya a tambayi fuska ai ba ƙarya aka yi ba. A vokal babu wannan ko kaɗan, a kiran bidiyo ma in rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi rauni sai ku dinga karo kuna "ina jinka, yi magana, a'a kai yi", gaisuwarmu kuma da take buƙatar ina kwana lafiya, ina gajiya ba gajiya, ya gida ya yara a jere kamar ana daka biyu biyu, in tazara ta shiga sai ta lalace.

Akwai wani masani ɗan Ingila Robin Dunbar da ya ce mutanen da ɗan adam zai iya riƙe alaƙa ta gaske da su basu wuce wajen 150 ba, na kusa sosai kuwa wajen biyar ne. Wasu masanan suna jayayya da lambar, amma ni abin da na ɗauka a ciki shine wayar tana ba mu damar taɓa mutum dubu da abu iri ɗaya, sai mu manta cewa 'yan ƙalilan ɗin nan na ciki ba a yi musu da abin da ake yi wa dubu. Grup ɗaya yanzu yana ɗaukar mutum sama da 1000. Baffanka ya samu vokal wataƙila hamsin a ranar, naka ya shiga layi da na mai sayar masa da taki.

Abba237 maganar aiki gaskiya ce kuma bana raina ta, amma ai patron ɗin shima mutum ne yana da matattu. Sani ka tambaye shi ma kuwa, ko kai ka yanke da kanka cewa ba zai bari ba?

Sani_Duwala:

Na karanta duka, na gode Allah ya saka. Baba Alhaji maganarka ta mai karɓa da mai yi wlh tun jiya take min yawo a kai, ban taɓa kallon abin ta nan ba, sai yanzu na tuna ko a grup ɗin ma mutane suna ta yi wa yaran gidan gaisuwa da suna ɗaya ɗaya har da ni a ciki, ni kuma na bi layi na rubuta Allah ya ba ku haƙuri. Ku.

Malam ka kama ni, ban tambaya ba. Yau da safe na same shi, ya yi ɗan ƙorafi yace kaya na shigowa daga port satin nan, amma ya ba ni kwana shida daga ranar 20 ga wata, biyu zai cire a albashi huɗu ya bari. Hajja jiya bayan isha'i na kira Baffa, sai a na biyu ya ɗauka, na gaishe shi ya amsa a taƙaice, nace ina nan zuwa yace "Allah ya kawo ka" sai ya miƙa wa ƙaramar 'yarsa wayar, ita kuma tana jin muryata ta fashe da kuka tace Yaya tun ranar take duba ƙofa. Minti ɗaya da wani abu duka kiran.

Zan samu arba'in in sha Allah, na san akwai masu cewa ba a yinta, dan Allah kar a buɗe wannan babin a nan gidanmu dai ana yi. Tambayata yanzu, dubu 25 ɗin nan in sake miƙa masa a hannu ko in sayo buhun shinkafa da sukari da goro in shigar cikin gida ba tare da na ce komai ba? Sannan wanda ya hau jirgin Yawunde kwanan nan, ana samun tikiti a ranar ko sai na sa wani ya yankar min tun kafin in taso?

Alhaji_Tongo:

Kar ka miƙa masa kuɗin nan ɗana, ka sayi kayan ka ba mahaifiyarka ita ta san ta inda zata shigar. In ka sauka Ngaundare da safe ka yi wa jikana magana a nan, gidanmu ba nisa da gar, tashar jirgin, ka karya ka yi wanka kafin ka hau motar Garwa.